Tafiyar Malam Aƙilu Dakar

Zauren Alhaji Jumare yana cikin birnin Zariya, ba nisa da Ƙofar Kuyambana, kuma tun zamanin mahaifinsa ake ɗinkin manyan riguna a cikinsa. Mutum goma sha biyu ne ke zama a ciki, kowa da gurbinsa a kan tabarma, har bango ya yi duhu daidai inda kowanne yake jingina kafaɗa. Aikin hannu suke yi, allura da zare. Riga ɗaya takan ci wata biyu a hannun mutum, idan aska takwas ce ma ta fi haka.

A shekarar 1994, mako biyu bayan Babbar Sallah, Alhaji Labaran ya zo daga Kano. Shi ne babban mai sayen kayan zauren. Cikin riguna goma da aka gama, bakwai a motarsa suke barin Zariya. Ya sha fura, ya yabi damina da ta faɗi da wuri, sannan ya jawo wata leda ya zaro riga ya shimfiɗa.

"Alhaji, duba wannan."

Alhaji Jumare ya duba. Aikin keke ne, irin na 'yan Senegal ɗin nan da suka buɗe shaguna a Tudun Wada. Zaren sai ƙyalli yake, layukan a miƙe kamar an ja su da rula.

"Wata nawa ta ci?"

"Kwana biyu."

"Wata biyu dai."

"Kwana, Alhaji. Laraba na kai shadda, Juma'a na sa ta na je masallaci."

Maɗinka goma sha biyu suka sunkuyar da kai kan aikinsu, kowa yana yi kamar bai ji ba, allura kuwa ba wadda ke motsi.

Alhaji Labaran ba mugu ba ne. Ya ce shi da gidan nan tun marigayi yana raye, kuma ba ya son ya kai cinikinsa wani wuri. Amma masu saye yanzu wannan suke tambaya, ga sauƙi ga sauri. Ya ba da lokaci zuwa azumi mai zuwa. Idan zauren ya iya ba shi riguna arba'in na keke, za a ci gaba kamar da. Idan bai iya ba, to, a yi haƙuri da shi.

Bayan ya tafi Alhaji Jumare ya daɗe zaune yana kallon tabarmar. Ya sani sarai, in babu Labaran zauren ba zai riƙe mutum goma sha biyu ba, ko huɗu ba zai riƙe ba. Kuma bai ga bakin da zai buɗe ya ce wa ɗayansu ya naɗe tabarmarsa ba.

Ya fara gwada hanya mafi kusa. Ya je Tudun Wada da kansa, ya gaida 'yan Senegal, ya nemi su koya wa mutanensa. Suka karɓe shi da fara'a, suka ba shi shayi mai kumfa har sau uku, suka ce babu buƙatar wahala, ya riƙa kawo musu shaddar kawai su ɗinka masa. Ya dawo gida da zaƙin shayi a baki da ɗacin magana a zuciya.

Ranar Talata Malam Wilson ya iso a kan tsohuwar Vespa ɗinsa. Mutumin Wusasa ne, tsohon akawun reluwe, kuma shekara talatin ke nan shi yake rubuta wa Alhaji wasiƙu. Ba ya rabuwa da jarida, ko ta bara ce. Ya saurari labarin duka, ya cire tabarau ya goge.

"Alhaji, ka san yadda kamfanonin Koriya da Indiya suke yi yanzu?"

"Akawu, ina maganar cikin birni kana kai ni Koriya."

"Saurara mana. Idan suka ga wata ƙasa ta fi su iya wata sana'a, ba sa zama gida suna tagumi. Can suke zuwa, su sayi ƙaramin kamfani, ko rabinsa. Da zarar ka zama mai gida, wa zai ɓoye maka abin da ke cikin ɗaki? Sai ka tura mutanenka su koyo, su dawo gida su kara da kowa."

"To ni Koriya ce?"

"Kai ba Koriya ba ne. Amma kana da lambu."

Lambun mangwaro ne, can bayan Ƙofar Gayan, gadon mahaifiyar Alhaji. Alhaji ya ce ko a mafarki. Amma maganar ta zauna masa, don kuwa ya san wani mutum a Dakar. Shekara uku da suka wuce, a Mina, tantinsu ɗaya da wani Alhaji Jop, tela ɗan Senegal mai kekunan aikin riga takwas. Sun yi abota da guntun Larabci da nuni da hannu, kuma kowace Sallah suna aika wa juna gaisuwa. A wasiƙarsa ta ƙarshe Jop ya koka cewa tun da aka karya darajar sefa kayan gyaran keke sun gagare shi, yana neman abokin tarayya.

Wasiƙu suka yi ta kai da komo. Malam Wilson ya rubuta da Turanci, amsa ta zo da Faransanci, ya kai wa 'yarsa Salomi mai koyarwa a sakandare ta fassara. Kafin damina ta yi tsakiya lambu ya tafi, Alhaji Jumare na birnin Zariya ya zama mai rabin shago a Dakar, garin da bai taɓa gani ko a hoto ba. Sharaɗin ɗaya ne. Zai tura mutum guda ya zauna wata shida, ya koyi keken ciki da waje, har da gyaransa, ya dawo da guda biyu.

Hajiya Batulu, matar Alhaji, ba ta yi dogon sharhi ba. Tana tankaɗe gari ta ce, "Mangwaro dai ya tafi. Wa za ka tura?"

"Jibril. Shekarunsa talatin da biyar, idonsa garau, kuma shi yake gyara rediyon kowa a unguwar nan."

"Ka faɗa masa?"

"Gobe zan sanar a zaure."

"A zaure?" Ta ajiye rariya. "Alhaji, kira shi gefe ka ba shi tikiti, sai ya sauka Dakar ka sanar."

"Haba Hajiya, kamar wani abin sata."

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba.

Abin da Hajiya ta hango shi ne wannan. A zauren nan, duk abin da ya shigo sabo babba ne yake farawa. In an kawo goro shi zai fara ɗauka. In sabon zare ya zo daga Kano shi zai fara zaɓa. Ko fanka da aka saya bara, saitinsa aka juya ta. Babban kuwa shi ne Malam Aƙilu, mai shekara sittin da takwas, wanda ya zauna a zauren tun yana saurayi, zamanin mahaifin Alhaji. Ba a taɓa rubuta wannan doka ba, saboda haka ba a taɓa samun inda za a soke ta ba.

Washegari da hantsi Alhaji ya gyara murya ya yi bayani tiryan-tiryan, tun daga Koriya har lambu. Ya ce, "Saboda haka, mutum ɗaya daga cikinmu zai hau jirgi ya tafi Dakar."

Ya ja numfashi don ya ambaci suna. A cikin wannan numfashin ne kawuna goma sha ɗaya suka juya wajen Malam Aƙilu, har da kan Jibril. Malam Aƙilu ya soke allurarsa a jikin shadda, ya shafa gemu.

"To," in ji shi. "Allah ya kai mu lafiya."

"Amin!" zaure ya amsa baki ɗaya.

Alhaji ya dubi Malam Wilson, Malam Wilson ya ɗaga jarida ya rufe fuska.

Da ya shiga gida Hajiya ba ta ko tambaya ba. Ta ce, "Sai a fara nema masa fasfo. Ka ce su rubuta shekarun daidai, kada a can su ɗauka ɗalibin ne ya turo kakansa."

Malam Aƙilu ya tafi a ƙarshen watan Yuli, da akwatin ƙarfe, da buta, da jakar allurai wadda ya ƙi bari a sa cikin kaya. Ba ya rubutun boko, ajaminsa kuma shi kaɗai yake iya karanta shi, don haka aka shirya zai riƙa aiko da kaset ta hannun wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Legas da Dakar.

Kaset na farko ya iso bayan mako bakwai. Aka ɗauko rediyon Jibril aka ajiye tsakiyar zaure, maƙwabta ma suka leƙo. Gefen farko gaba ɗaya gaisuwa ce. Ya gaida Alhaji da iyalinsa, ya gaida maɗinka ɗaya bayan ɗaya bisa shekarunsu, ya gaida liman, da mai unguwa, da masu bugun riga na bayan masallaci, ya tambayi ko akuyarsa ta haihu. Aka juya kaset. Ya ce ya ga teku, kuma duk abin da aka faɗa game da girmansa an rage. Ya ce 'yan garin mutanen kirki ne, masu salla, sai dai shinkafa da kifi safe da rana, burodinsu kuma dogo kamar taɓarya. Ya ce Allah ya haɗa shi da wani mai tsire ɗan Maraɗi a bakin layin, shi yake yi masa tafinta.

Alhaji ya matsa kusa da rediyo. Zaren kaset ya kusa ƙarewa.

"Batun kekuna kuwa," in ji muryar Malam Aƙilu, "na gan su. Guda takwas ne, suna nan lafiya."

Kaset ya yi ƙaras ya tsaya.

"Farko ne," in ji Malam Wilson. "Ko Koriya sai sun huta gajiya."

Kaset na biyu ya zo a watan Nuwamba. A wannan karon gaisuwar ta ɗan ragu, don labari ya yi yawa. Malam Aƙilu ya bayyana cewa masu aiki da kekunan duk samari ne, babbansu bai kai ɗan autansa ba. Ranar farko ɗaya daga cikinsu ya jawo kujera ya nuna masa ya zauna, shi kuma zai tsaya a kansa yana nuna masa. Malam Aƙilu ya ce ya dubi abin ya ga bai kamata ya ɗora wa yaron mutane wannan nauyi ba, a ce yana tsaye kan sa'an kakansa yana cewa yi kaza, bari kaza. Don haka ya gode masa, ya ce zai jira har a samo wani dattijo da ya iya. Kafin nan, don kada ya ci abincin mutane a banza, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar shago ya ɗauki wani guntun shadda ya fara ɗan abin da ya saba.

"Yaran akwai ladabi," in ji shi. "Da suka ga ina yi sai suka riƙa leƙowa. Yanzu uku sun fara riƙe allura. Ɗaya ma hannunsa ba laifi, in ya daina sauri."

Wani ya yi tari a zauren. Jibril ya tashi ya fita, aka jiyo shi a waje yana dariya har da buga bango.

Alhaji ya kashe rediyo. Ya ce da Malam Wilson, "Akawu, a jaridarka, idan Koriya suka tura mutum ya koyo, shi ne yake koyarwa?"

"Ban kai wannan shafin ba."

"Lambuna guda! Kekuna takwas ne, yanzu biyar ke aiki. In ya ƙara wata uku can, sai mun rufe shago biyu maimakon ɗaya."

Nan take suka rubuta wa Alhaji Jop wasiƙa. Rubutunta ya ci yini guda, don Alhaji ya ƙi yarda a sa kalma ko ɗaya da za ta nuna Malam Aƙilu ya yi kuskure. Duk jimlar da Malam Wilson ya kawo sai Alhaji ya ce ta yi kaifi. A ƙarshe abin da ya rage a takardar shi ne, ana gaida Malam Aƙilu, ana fatan yana samun abin da ya je nema, kuma ana tuna wa kowa cewa azumi yana matsowa.

Amsa ta zo bayan wata guda. Malam Wilson ya kawo fassarar Salomi a rubuce, ya karanta a tsaye. Alhaji Jop yana godiya marar iyaka. Ya ce bai san abokinsa zai karrama shi da babban malami irin wannan ba. Ya ce mutane suna tsayawa a ƙofar shago har suna tare hanya. Ya ce batun azumi kada a damu, Malam zai yi shi cikin kulawa in ya yarda ya zauna. Sannan yana tambaya ko akwai irinsa guda biyu a Zariya.

"Suna tare hanya," in ji Alhaji. "Kallo. Na sayar da lambu na buɗe gidan kallo a Dakar."

A cikin gida Hajiya ta ce, "Ni abin da ban gane ba, da ka tura shi, ka ce masa ya zauna gaban yaro ya koya?"

"Ta yaya zan ce wa Baba Aƙilu haka?"

"To shi ta yaya zai yi abin da kai ka kasa ko faɗa?"

Alhaji ya ce tuwon ya yi sanyi. Tuwon kuwa tururi yake.

Malam Aƙilu ya dawo saura kwana goma sha biyu a ga watan azumi. Ya yi ƙiba kaɗan, ya sa wata hula mai tsini da ba a taɓa gani a birni ba. Motar haya ta sauke akwatinsa na ƙarfe da wani ƙaton ƙunshi ɗaure da igiya, wanda sai da mutum uku suka kama. Alhaji ya zagaya ƙunshin, ya ɗan danna shi da gwiwa. Laushi ne. Babu ƙarfe a ciki ko na ƙwabo.

Ya so ya tambaya a take, amma ba a tarar matafiyi da maganar aiki, balle babba. Sai ya huta, an zo an yi masa barka da dawowa, ya raba tsaraba. Kwana uku gidan Malam Aƙilu a cike. Alhaji ya je sau biyar. Kowane zuwa sai ya tarar ana labarin teku, kuma kowane zuwa tekun ya ƙara girma. Ya samu tsarabar turare da carbi. Ƙunshin kuwa aka jingine shi a kusurwar zaure, ba mai ikon kwance shi sai mai shi.

A rana ta huɗu da safe Malam Aƙilu ya dawo gurbinsa. Bai gama gyara zama ba motar Alhaji Labaran ta tsaya a ƙofa.

Aka gaisa, aka kawo fura. Labaran ya yi wa Malam Aƙilu barka da hanya, ya waiga hagu da dama yana neman inda aka kafa kekuna. Sannan ya dubi Alhaji.

Alhaji Jumare ya kwana uku yana shirya jawabi mai kwana-kwana, da batun jirgin ruwa da kwastan. Da ya ɗaga kai ya ga mutanensa goma sha biyu suna kallonsa, sai jawabin ya gudu.

"Alhaji Labaran, babu riga arba'in. Babu ko ɗaya. Ba mu da keke, ba mu da wanda ya iya."

Labaran ya jinjina kai. Ya ce ya ji daɗi da aka gaya masa gaskiya. Ya ce zumunci yana nan, in ana biki a kira shi. Ya shanye furarsa, don ba ya barin abu a kwano, ya yi sallama. Suka ji motar ta tashi, ta yi kwana, ta nufi hanyar Tudun Wada.

Malam Bahago, wanda ke bin Malam Aƙilu a shekaru, ya fara naɗe zarensa a hankali, kamar mai shirin tafiya.

Alhaji ya juya. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa. "Baba, don Allah ka gafarce ni. Keken nan, ko kaɗan ba ka koya ba?"

"Na taɓa shi sau ɗaya," in ji Malam Aƙilu. "Ya kama mini hannun riga ya ɗinke shi da labule. Abu ne marar kunya."

Malam Wilson ya sake ɓuya a bayan jarida, amma jaridar tana rawa.

"To Baba," in ji Alhaji, "ka ga dai Labaran ya tafi."

"Na gani. Da ma furarmu yake shanyewa." Ya nuna kusurwa da haɓa. "Jibril, jawo mini kayan can. Na so in kwance tun ɗazu, na ga akwai baƙo."

Aka jawo ƙunshin, aka yanke igiya. Shadda ce, turmi a kan turmi, mai nauyi, irin wadda ake gani a jikin manya. Kowace an maƙala mata 'yar takarda da ajamin Malam Aƙilu, da kuma zare mai ƙulli-ƙulli.

"Talatin ne," in ji shi. "Kowace da mai ita. Ƙullin farko tsawo, na biyu faɗi, na uku wuya. Kafin Babbar Sallah suke so, su Tabaski suke ce mata. Aikin hannu, irin namu."

"Aikin hannu?" in ji Alhaji. "A Dakar? Garin keke?"

"Ai shi ya sa. Can ko mai sayar da gawayi rigar keke gare shi. Babban mutum ya shiga masallaci ya ga direbansa da irin rigarsa, ransa ya ɓaci. Da suka gan ni zaune ina yi, wani ya tambayi ɗan Maraɗi wata nawa take ci. Na ce biyu. Na zaci zai gudu. Sai ya ce a yi masa wadda za ta ci uku." Ya ɗaga wani turmi ya duba takardar. "Alhaji Jop ya karɓi kafin alƙalami, yana cikin wasiƙa a aljihuna. Yaran can uku za su riƙa yin ƙananan, wuyan kaftani da hula. Manyan sai nan. Wasu ma na mayar da su, na ce ba mu da hannu."

"Ka mayar da su," in ji Alhaji a hankali.

"Goma sha ɗaya. Sun ce za su jira Mauludi."

Malam Wilson ya sauke jarida, ya gyara tabarau. "Alhaji, wannan ma yana cikin tsarin. Wani kamfanin yakan fita don ya koyo sana'a, wani don ya samo kasuwa. Mu na biyun muka yi."

"Yaushe muka yanke haka?"

"Yanzun nan."

Alhaji bai yi dariya ba tukuna. Ya tsuguna ya shafa shaddar da tafin hannu, ya ɗaga zaren awo ɗaya ya bi ƙullin da yatsa. Lambu ba zai dawo ba, Labaran ma haka, kuma har yanzu ba wanda ya iya keke a birni. Abin da ke bayan Mauludi Allah ne ya sani. Amma ga aiki a gabansa wanda zai riƙe tabarma goma sha biyu, ya ma fi ƙarfinsu.

Malam Aƙilu ya fara rabo, daga babba zuwa ƙarami. Ya ɗauki fara sol ya ajiye gefensa. Ya miƙa wa Malam Bahago ta biyu. Malam Bahago ya buɗe, ya yi sauri ya rufe.

"Wannan ai ruwan hoda ce."

"Ita ce."

"Ta mace ce?"

"Ta wani alƙali ce. Tsawonsa ya kai ƙofar nan."

"Ni, da gemuna, in zauna a bakin hanya da ruwan hoda a cinya? Surukaina ta nan suke wucewa kasuwa."

"Sai ka juya baya. Can haka suke so. Akwai ruwan lemo ma, in ka fi son ta."

Malam Bahago ya riƙe ruwan hodarsa.

Aka zagaya sau biyu, kowa ya samu bibbiyu, saura shida. Malam Aƙilu ya lissafa watanni da yatsu. Ya ce biyar za a shigar cikin gidaje, Hajiya Batulu ta san matan da hannunsu ya faɗa, su yi cikon, maza su yi aska da wuya. Saura ɗaya, shuɗiya mai duhu. Ya ɗaga ta ya dubi zauren, ya dubi Malam Wilson, wanda ya ɗaga hannu biyu ya ce shi biro kawai ya iya. Sai idonsa ya sauka kan mai zauren.

"Jumare."

Shekara goma sha tara rabon Alhaji da allura, tun ranar da ya gaji zauren ya koma kan kujera. Shekara goma sha tara kuma rabon da wani ya kira shi da sunan nan tsirara.

"Baba, ni ai idona..."

"Akawu zai ara maka tabarau. Matsa masa, Jibril."

Jibril ya matsa. Alhaji ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙusa, ya zauna a ƙarshen tabarma, ta wajen da fanka ba ta kaiwa. Aka miƙo masa allura da zare. Ya lashi bakin zaren, ya ɗaga allurar saitin hasken ƙofa, ya soka, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure.

"Kada wanda ya gaya wa Hajiya," in ji shi, bai ɗago ba.

"Ai ita za ta yi maka cikon," in ji Malam Bahago daga inda ya juya wa hanya baya.

A karo na huɗu zaren ya shiga.